Jiragen Yaƙi Masu Ɓuya A Ƙarƙashin Teku, Da Sunayen Da Aka Raɗa Musu

 

Yau za mu yi magana a kan wani irin jirgi wanda ba a taɓa ganinsa a Batsari ba, ba a taɓa ganinsa a Safana ba, ba kuwa za a gan shi ba, domin mu nan ba mu da teku. Babban ruwan da yawancinmu suka sani shi ne na madatsar Zobe ko ta Jibiya. Wani zai ce, to, ina ruwanmu da jirgin teku? Ku dai saurara. Kafin mu tashi za ku ga inda zancen ya biyo ta ƙofar gidanmu.

Abu uku za mu duba. Na fari, yadda aka ƙera jirgin. Na biyu, sunayen da masu shi suka raɗa masa. Na uku, abin da ke bayan sunan.

Mafarin Zance

A shekarar 1945, lokacin da kakanninmu da suka shiga soja ke gama yaƙin Bama, Amurka ta jefa wani sabon bam a kan birnin Hiroshima na ƙasar Japan, ran 6 ga Agusta. Bayan kwana uku ta jefa wani a Nagasaki. Bam ɗaya, birni ɗaya. Kafin shekarar ta ƙare, mutum wajen 140,000 sun mutu a Hiroshima kaɗai. Wannan shi ne bam ɗin nukiliya, wanda mutanen da ke kira bam ɗin atam.

Kun san halin duniya, in wani ya sami abin da ya fi na kowa, sauran ba su barci. Rasha ta yi nata a 1949, Ingila a 1952, Faransa a 1960, Sin a 1964, Indiya a 1974. Da bam ya yawaita, sai wata damuwa ta taso. Kowa ya ce, in na ajiye nawa a fili, abokin gaba zai riga ni, ya ragargaza shi tun yana cikin rumbu. Ina zan ɓoye shi inda ba mai gani? Sai hankalinsu ya koma kan teku. Teku kuwa ta ci kashi 7 cikin 10 na faɗin duniya duka.

Jirgin Da Ba Ya Bukatar Numfashi

Jirgi mai nutsewa cikin ruwa ba sabon abu ba ne. Jamus ta yi aiki da shi sosai a yaƙin Hitila. Amma na wancan zamani yana da rauni guda. Kun ga mai shiga rijiya ya ɗauko guga? Komai gwanintarsa, tilas ya ɗago kai ya sha iska. Haka tsohon jirgin yake. Injinsa na mai ne, mai kuwa ba ya ci sai da iska, kamar wutar murhu. In ya nutse sai ya koma kan batir, batir kuwa ba ya daɗewa. Tilas ya taso sama, da ya taso kuwa sai a gan shi.

Wani hafsan sojan ruwa na Amurka, ana ce da shi Rickover, shi ya dage a kan a sa wa jirgi tukunyar nukiliya. Ga yadda take aiki. Akwai wani ma'adini da ake haƙowa daga ƙasa, sunansa yuraniyom. In an tace shi, an shirya shi cikin tukunyar ƙarfe mai kauri, sai ya riƙa fid da zafi mai tsanani, ba harshen wuta, ba hayaƙi, ba ya kuwa bukatar iska. Zafin nan ya tafasa ruwa, tururi ya juya injin, injin ya juya farfela, jirgi ya tafi. Watau kamar tsohon jirgin ƙasa mai tururi, sai dai babu gawayi.

Jirgi na farko irin wannan sunansa Nautilus. Ya fara tafiya da ƙarfin nukiliya a watan Janairu na 1955. Da zubi ɗaya na yuraniyom ya yi tafiyar wajen kilomita 100,000, watau ya fi kewaya duniya sau biyu. A 1958 ya ratsa ta ƙarƙashin ƙanƙarar da ta rufe can ƙuryar arewacin duniya, ya ɓullo ta ɗaya gefen.

Mutanen ciki fa, ina suke samun iska da ruwan sha? Daga tekun kanta. Akwai na'urar da ke tace ruwan gishiri ya zama na sha, akwai kuma wadda ke fid da iskar numfashi daga cikin ruwa. Saboda haka ba abin da ke tilasta wa jirgin nan ya taso sai ƙarewar abinci.

Kibiyar Da Ke Fitowa Daga Ruwa

Sauran aiki shi ne a sa masa makami. Makamin shi ne wanda kuke ji a rediyo ana ce masa makami mai linzami mai cin dogon zango. Ku ɗauke shi kamar dutsen majajjawa. Da fari ana ingiza shi da ƙarfi, sa'an nan ya tafi da kansa, ya yi sama ƙwarai har ya wuce inda iska take, ya sunkuyo ya faɗa inda aka auna. Bam ɗin yana can a bakinsa.

Amurka ta yi hanzari ƙwarai, don tana tsoron kada Rasha ta riga ta. A lokacin ana cikin ƙera wani jirgi wanda aka riga aka sa wa suna Scorpion, watau Kunama. Sai aka raba shi biyu, aka ƙara masa ƙafa 130 a tsakiya, aka jera ramuka 16 a tsaye, kowane rami da makami guda. Aka sake masa suna, aka ce George Washington, sunan shugaban Amurka na farko. Ya shiga aiki a ƙarshen 1959. Ran 20 ga Yuli 1960 ya harba makami yana nutse cikin ruwa, abin da Amurka ba ta taɓa yi ba sai ran nan. Makamin, mai suna Polaris, yana cin kilomita 2,200, kamar nisan Katsina zuwa Ikko sau biyu.

Kun ji, an cire wa jirgi sunan Kunama, amma ba a cire masa ƙari ba. Ƙara masa aka yi, har 16.

Na yanzu sun fi wannan nesa ba kusa ba. Manyan jiragen Amurka tsawonsu ƙafa 560 ne, kuma kowane yana ɗauke da makami har 20. Makamin, mai suna Trident, yana cin fiye da kilomita 7,000, watau kamar daga Katsina zuwa Makka a komo, cikin kamar rabin sa'a. Makami guda yana iya ɗaukar bam da dama. Wani bam ɗin ya fi na Hiroshima ƙarfi sau 6, wani sau 30.

Kowane jirgi yana da ƙungiyar ma'aikata biyu, kowace mutum wajen 150. In waɗannan sun dawo, waɗancan su karɓa, don kada jirgi ya zauna banza. Fita ɗaya takan kai kwana 70 ko fiye. Wanda ya shiga ranar shuka, ba zai sake ganin rana ba sai gero ya fid da kai. Saƙo yana iske su daga gida, amma in suna ɓoye ba su mayarwa, don kada a gane inda suke. Aikinsu duka shi ne su yi shiru, su ɓuya, su jira umurnin da kowa ke fatan kada ya zo.

Me Ya Sa Ake Ɓoyewa?

Ga dabarar masu abin. Sun ce, in maƙiyi ya san ko ya ƙone ƙasata ƙurmus, akwai jirgina can cikin teku da zai rama, to ba zai fara ba. Watau tsoron ramuwa shi ke riƙe hannun kowa. Tun watan Afrilu na 1969 Ingila ba ta taɓa kwana ba tare da jirginta guda yana ɓoye a teku ba.

Masu wannan ra'ayi suna cewa, ga shi tun 1945 ba a sake jefa bam ɗin nan a kan wani birni ba. Gaskiya ne, ba a sake ba. Amma mu da ke zaune gefen dajin Rugu ba sai an yi mana dogon bayani ba a kan makamin da ke ɓoye inda ido ba ya kaiwa. Mun san yadda barci yake a daren da ba a ji harbi ba, amma an san masu harbin suna nan. Shiru ne, amma ba kowane shiru ne zaman lafiya ba.

Raɗin Suna

Yanzu mu zo kan suna. Mu Hausawa mun san suna ba abin wasa ba ne. Ana yanka rago saboda shi. Mun kuma san kirari. Ku da kuka tashi kuna jin labarin Ɗanwaire na Ruma, kun san jarumi yana da sunan yanka, yana kuma da sunan da maroƙa ke kiransa da shi don gaban abokan gaba ya faɗi. To, ƙasashe shida ne ke da irin jirgin nan a yau: Amurka, Rasha, Ingila, Faransa, Sin da Indiya. Kowace da irin nata raɗin suna.

Amurka da can sunan kifaye da sauran halittun ruwa take sa wa jiragenta masu nutsewa. Nautilus ma sunan wani irin dodon koɗi ne na teku. Da aka zo kan masu ɗauke da bam, sai aka ga sunan kifi ya yi musu kaɗan. Daga 1959 zuwa 1967 ta ƙera guda 41, ta sa musu sunayen manyan mutanen tarihinta, ta kira su gaba ɗaya Arba'in Da Ɗaya Domin 'Yanci.

Cikin 41 ɗin nan akwai biyu da ya kamata ku riƙe. Ɗaya sunansa Robert Lee, janar ɗin da ya ja rundunar jihohin kudu, masu son a ci gaba da bauta, a yaƙin basasar Amurka. Ɗayan kuwa George Washington Carver, baƙar fata, wanda aka haifa cikin bauta. Carver manomi ne kuma malami. Ya ƙare rayuwarsa yana koya wa talakawan manoma su riƙa shuka gyaɗa da dankali a gonar da auduga ta gajiyar, don ƙasa ta farfaɗo, abin da ku ma kuka sani a gonakinku. Ya rasu a 1943. A 1966 jirgi mai sunansa ya shiga aiki da makami 16. Mutumin da aikinsa ciyarwa ne, ga sunansa a kan abin da zai iya ƙone gari da gonakinsa. Ba a tambaye shi ba, don mamaci ba ya zaɓen takwara.

Daga 1981 Amurka ta koma sa wa manyan jiragen nan sunayen jihohinta, kamar Ohio da Alaska. Kamar a ce a nan a sa wa jirgi suna Katsina ko Sakkwato, don mutanen jiha su ji nasu ne.

Ingila kuwa sunayen hali take zaɓa, kuma takan sa su fara da baƙi ɗaya. Huɗu na farko duk da R suka fara: Resolution, watau Ƙuduri, Repulse, Korar Hari, Renown, Shahara, Revenge, Ramuwa. Huɗun da ke aiki yanzu duk da V: Vanguard, Sahun Gaba, Victorious, Mai Nasara, Vigilant, Mai Sa Ido, Vengeance, Ɗaukar Fansa. Ku lura, kowane jeri da ramuwa ya ƙare. A nan dai sun faɗi aikin jirgin a fili.

Faransa ita ce gwanar kirari. Jirginta na farko, Le Redoutable, ya shiga aiki a 1971, ma'anar sunan kuwa Abin Tsoro. Waɗanda suka biyo baya, in an juya sunayensu da Hausa, ga su: Mai Ban Razana, Faɗuwar Aradu, Gagara Horo, Mai Tsawa, Ƙi Tanƙwaruwa. In kun ji waɗannan, sai ku ce 'yan dambe ake kira fili bayan girbi.

Rasha a zamanin Tarayyar Sobiyat yawanci lamba take sa musu, baƙin K da adadi, don kada a san komai game da su. Ita ce ta ƙera mafi girma da aka taɓa yi, wanda ta kira Akula, watau babban kifin teku mai cin mutane. Guda 6 aka yi, na ƙarshensu ya bar aiki a 2023. Sababbin nata kuwa sunayen sarakunan da da jarumawa suke ɗauka, kamar Yuri Dolgoruki, wanda ake cewa shi ya kafa birnin Mosko. Sin tana kiran nata Doguwar Tafiya, sa'an nan ta bi da lamba, don tunawa da tafiyar da rundunar Mao ta yi a 1934 da 1935. Indiya ta sa wa nata na farko Arihant, watau Mai Hallaka Maƙiya. Ya shiga aiki a 2016.

Sunan Da Ma'aikata Suka Raɗa

Duk sunayen nan manya ne suka zaɓa, a ofis. Akwai guda ɗaya da ƙananan ma'aikata suka raɗa da kansu.

Jirgin Rasha na farko mai tukunyar nukiliya da irin makamin nan lambarsa K-19. An ƙera shi cikin gaggawa. Ran 4 ga Yuli 1961, yana tsakiyar Tekun Atlantika, bututun ruwan da ke sanyaya tukunyar ya lalace. Tukunya ta fara zafi fiye da kima. Waɗansu ma'aikata suka shiga ɗakin da gubar take, suka haɗa wani bututu da hannunsu. Sun ceci jirgin, amma mutum 8 suka mutu cikin 'yan makonni saboda gubar da ta ratsa jikinsu. Daga nan sojojin ruwan Rasha suka riƙa kiran jirgin nan Hiroshima. Wanda ya kwana cikin ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Ba shi kaɗai ba ne. A watan Oktoba na 1986 makami ya fashe cikin wani jirgin Rasha, K-219, ya nutse da makamansa, har yau yana can ƙasan Atlantika. A watan Fabrairu na 2009 kuma, Sahun Gaba na Ingila da wani na Faransa mai suna Le Triomphant suka yi karo cikin teku, kowane ɗauke da bam. Ƙasashen abokan juna ne. Tsabar iya ɓuya ce ta sa ba wanda ya ji zuwan ɗan'uwansa. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba.

Ga wani abu kuma. A Ingila, duk wanda ya zama firayim minista, cikin ayyukansa na farko akwai rubuta wasiƙa huɗu da hannunsa. Ana kulle kowace cikin akwatin ƙarfe a jirgi guda. Ba a buɗewa sai in an hallaka gwamnatin ƙasar, ba sauran mai ba da umurni. A ciki ne ya faɗa wa kyaftin abin da zai yi. In ya sauka daga mulki, sai a lalata wasiƙun ba tare da an karanta ba. Ku duba, ran miliyoyin mutane yana rataye a jikin 'yar takarda.

Inda Zancen Ya Iso Gare Mu

Kafin Faransa ta sa bam a jirgi, sai da ta gwada shi. Ba a ƙasarta ta fara gwadawa ba. A hamadar Sahara ta gwada, kusa da Reggan ta ƙasar Aljeriya, wurin da nisansa daga Katsina bai kai kilomita 2,000 ba. Gwaji na farko ran 13 ga Fabrairu 1960, lokacin hunturu, sa'ad da iska ke busowa daga arewa tana kawo mana ƙura. Ƙarfinsa ya kai na Hiroshima wajen sau huɗu. Kun san sunan da suka sa masa? Shuɗin Ɓeran Hamada. Na biyu Fari, na uku Ja, watau launukan tutar Faransa. Ƙaramin suna, babbar wuta.

Mutanen Afirka ta Yamma suka yi kuka, ba a saurare su ba. Bayan gwaji na uku, a watan Janairu na 1961, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta sallami jakadan Faransa daga Ikko, ta hana jiragen Faransa na sama da na ruwa sauka a Nijeriya. A lokacin ƙasarmu wata uku kacal ta yi da samun mulkin kai.

Na biyu, yuraniyom ɗin da muka ambata, maƙwabtanmu suna da shi. In ka bi ta Jibiya ka shiga Maraɗi, ka yi arewa har ka wuce Agadas, za ka kai Arlit, inda aka fara haƙarsa a 1971. Faransa ta shekara da shekaru tana kwasarsa. A kasuwar Arlit da Hausa ake ciniki. Ma'adinin nan ɗaya ne, hannun da ya riƙe shi ne ke bambanta aikinsa. Yana ba da wutar lantarki, yana tuƙa jirgi, in an tace shi ƙwarai yana zama bam. A Zariya ma, a Jami'ar Ahmadu Bello, akwai 'yar ƙaramar tukunyar nukiliya tun 2004, wadda ake auna ƙasa da duwatsu da ita, ana koyar da ɗalibai. A 2018 aka cire mata yuraniyom mai ƙarfi irin wanda za a iya yin bam da shi, aka mai da shi ƙasar Sin, aka sa mata marar ƙarfi.

Na uku, Afirka ta zaɓi tata hanya. Afirka ta Kudu ta taɓa ƙera bam 6 a ɓoye, daga baya ta wargaza su da kanta. A 1996 ƙasashen Afirka suka taru a Alƙahira suka sa hannu a kan yarjejeniya cewa ba za a ƙera bam ɗin nan a nahiyarmu ba, ba za a gwada ba, ba za a ajiye ba. Ta fara aiki a 2009, Nijeriya kuwa tana ciki. Ita ma an raɗa mata suna. Ana kiranta Pelindaba, sunan wurin da Afirka ta Kudu ta yi aikinta na nukiliya. Da harshen Zulu ma'anarsa, magana ta ƙare.

To, jama'a, kun ji sunaye iri iri: na shugabanni, na jihohi, na sarakuna, na kirari. Mai abu yakan zaɓi sunan da yake so a ji. In kun ji a rediyo an ce wata ƙasa ta ƙaddamar da jirgi mai suna kaza, ko an kawo muku wani abu ƙauye da suna mai daɗi, kada ku tsaya kan sunan. Ku tambaya: me ke ciki? Wa ya biya? In ya lalace, kan wa zai faɗa? Amurka tana ƙera sababbin jirage 12, kuɗinsu ya haura dala biliyan 100, an kuwa riga an fara raɗa musu suna. Tambayoyin nan uku suna nan suna jiran su.

 Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya kai kowa gida lafiya.

Tambayoyi

1. Me ya sa tsohon jirgi mai nutsewa yake tasowa sama, na nukiliya kuwa ba ya tasowa?
2. Wane suna aka fara sa wa jirgin George Washington?
3. Wane aiki Carver ya yi wa manoma?
4. Su wa suka raɗa wa K-19 suna Hiroshima, kuma don me?
5. Me Nijeriya ta yi a watan Janairu na 1961?
6. Rubuta ma'anar Pelindaba da Hausa.